Polh Mai Lamba Ashirin da Uku

Ljubljana, 22 ga Mayu, 1977

Zuwa ga mahaifina, Ata Metod,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya ku da goggona Teta Lojzka, kuma gwiwar nan ta sassauta muku tun da kuka raka ni tashar bas.

Ata, na kasa haƙuri in jira sai na sake zuwa gida kafin in ba ku labari. Tun a mota na baje katunan awo a kan cinyata, har matar da ke kusa da ni ta tambaya ko duba nake yi. Ku ji abin da na samu. Polh, 'yan dabbobin dajin nan namu masu kama da ƙaramin kurege, guda arba'in da shida muka sa wa 'yan kunne masu lamba a kakar bara, kafin su shiga ƙasa barcin hunturu. Ran Asabar da Lahadi mun tarar da talatin da ɗaya a akwatunan da kuka kafa mini a jikin bishiyoyi. Wata bakwai ba ci ba sha, amma wasu sun fito da ƙibarsu kamar daga biki suke. Macen nan mai lamba ashirin da uku, wadda kuka ce ta yi kama da matar mai gidan waya, giram ɗari da sittin da takwas ta yi.

Na kai katunan wurin Farfesa Hribernik, shugaban sashenmu, wanda kundin digirina ke hannunsa. Kun san shekara talatin ya yi yana yanka albasa da dankali yana leƙa su a madubi, komai mai ƙafa huɗu ɓata lokaci ne a wurinsa. Ya tura gilashinsa goshi ya ce to, ɓerayenki sun tashi. Na ce masa ɓera ba ya da wutsiyar kurege, kuma ya gwada faɗar haka a Babno Polje ya ga ko zai sami wanda zai zuba masa ko ruwa. Ya yi dariya, abin da ba ya yi sau biyu a wata.

Abin da nake ta nuna masa shi ne aikinmu ɗaya ne. Albasa tana ɓoye abincinta a ɓawonta mai kauri, dankali yana tara sitaci a ƙarƙashin ƙasa, polh kuma yana naɗe nasa a kitsen da ke bayan fata da kewayen hanji. Kowannensu ya san lokacin da zai taɓa ajiyarsa da lokacin da zai bar ta. Yadda suke sanin haka nake nema.

Ina roƙonku ku riƙa zagaya akwatunan duk mako, ku rubuto mini lambobin da kuka gani. Don Allah lambobi, Ata, ban da sunayen matan ƙauye.

Ku gaida Teta, ku shafa mini kan karenmu Lisko.

'Yarku,
Zdenka


Babno Polje, 19 ga Yuni

Zdenka 'yata,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya. Gwiwa tana nan inda kika bar ta. Tetarki ta ce kin rame, ta ce a gaya miki mutum ba ya rayuwa da kofi.

Ga lambobinki. Makon farko ashirin da takwas. Na biyu ashirin. Na uku goma sha huɗu. Jiya tara. Na rubuta su a bayan takardar nan. Matar mai gidan waya ba ta ciki tun mako na biyu.

Ban ga gawa ba, ban ga gashi a ƙasa ba, mujiya ba ta fi ta kullum yawa ba. Akwatunan tsaf suke, kamar masu su sun share ɗaki sun yi tafiya.

Ke kina kallon sikeli, ni sama nake kallo. Bishiyar bukev ba ta yi fure ba bana. Na bi dajin tun daga rijiyar makiyaya har bakin iyaka, ko bishiya ɗaya. In ba fure ba 'ya'ya, in ba 'ya'yan bukev polh ba ya haihuwa, wannan ko Lisko ya sani. Shekara arba'in na yi ina gadin dajin nan, na ga irin wannan shekara sau da yawa. Tarko yakan kwana da yunwa, a ce polh sun ƙare, shekara ta zagayo su cika daji, manya, ba 'ya'ya ba. Kakanki yakan ce Shaiɗan ne ke kora su cikin ramukan dutse yana kiwonsu. Kada ki rubuta wannan a kundinki.

Allah ya tsare ki. Ki ci abinci.

Mahaifinki,
Metod Truden


Ljubljana, 2 ga Yuli

Ata na ƙauna,

Ina gaishe ku ƙwarai, ku da Teta. Ku yi haƙuri da rubutun, da sauri nake yi.

Da wasiƙarku ta zo na zauna a matakalar sashe kamar wadda aka yi wa rasuwa. Tara cikin talatin da ɗaya, aikin shekara biyu. Da na koma ɗaki na zube katunan a ƙasa, na ware waɗanda suka ɓata hagu, waɗanda suka rage dama, ba don komai ba sai don hannuna ya sami abin yi. Sai na duba nauyinsu na watan Mayu. Ata, duk masu ƙiba ne suka ɓata! Taran da suka rage babu wanda ya kai giram ɗari da ashirin. Mujiya ba ta yawo da sikeli. Ciwo kuwa ramamme yake fara ɗauka.

A guje na hau bene na shiga ofishin Farfesa ban ƙwanƙwasa ba. Ya duba katunan ɗaya bayan ɗaya, ya ce lallai akwai mai zaɓe a dajin nan, kuma ya san shi, ƙafa biyu gare shi da tukunya. Ya ce mutanenku sun fi kowa sanin polh mai kitse. Washegari ya maimaita a gaban kwamiti, aka yi ta dariya. Na miƙe tsaye na ce mahaifina ya tara masu tarkon ƙauyenmu tun bara, sun yi alkawari ba wanda zai kafa tarko a yankin da akwatunana suke, kuma Metod Truden bai taɓa faɗar magana ya saɓa ba. Sun ba ni zuwa ƙarshen Satumba. In ban kawo hujja ba za a rufe aikin, in koma yankan albasa.

To ga abin da ya hana ni zama wuri ɗaya. A ɗakin shuke-shukenmu akwai tukwanen furen daji masu curi a ƙasa kamar ƙaramin dankali. Bara guda huɗu suka ƙi fitowa, mai kula da su ya so ya zubar, da ya tona ya tarar curin na nan da ransa, da tauri. Bana suka fito. Ba mutuwa suka yi ba, shekarar ce ba ta yi musu ba, kuma suna da abin da za su jira da shi. Kun ce bukev ba ta yi fure ba. Kun ce manya ne ke dawowa. Me zai hana polh mai kitse ya leƙo a Mayu, ya ga saman bishiya babu alamar abinci, ya koma ƙasa ya ci gaba da barci har wata shekarar? Ramammu ne kawai dole ta sa su zauna a waje su nema.

Barci a tsakiyar bazara, Ata. Ban ga wanda ya rubuta haka a littattafan da muke da su ba. Ɗaya tak nake bukata, a cikin ƙasa, da ɗan kunnensa. Kuna ganin ana iya tono shi?

Ina jiran amsarku da zumuɗi.

Zdenka


Babno Polje, 11 ga Yuli

Zdenka,

Ina gaishe ki. Kafin ki karanta, ki zazzage ambulan ɗin a tafin hannunki.

'Yan kunne uku ne: takwas, talatin, da arba'in da ɗaya. Tun watan Oktoban bara suna cikin gwangwanin tabata. Sauran mutane sun cika alkawari. Ni ne ban cika ba. Tetarki ta ƙone a hannu da man suya, ta ce ba abin da ke warkar da ƙuna sai man polh, namu kuma ya ƙare. Na kafa tarko shida a gefen yankinki, na gaya wa kaina gefe ba ciki ba ne. Da safe na ga ƙarfe yana ƙyalli a kunnen uku. Na narka kitsen. Naman kuma mun ci da dankali, ba zan ce miki na binne ba.

Na so in faɗa miki a Kirsimeti, na ga kina murna. Na so in faɗa a Mayu, na ga kin fi murna. Yanzu kin tsaya gaban manyan mutane kin jingina da sunana, shi kuwa ba ya ɗaukar nauyin da kika ɗora masa. Waɗanda suka ɓata a Yuni ban taɓa su ba, ba kuma wanda ya taɓa, amma na san darajar rantsuwata a wurinki yau.

Maganar tono, ana iyawa. Ƙasarmu dutse ce, sai dai akwai wurare masu laushi a gindin tsofaffin bukev. Lisko ya tsufa amma hancinsa bai tsufa ba. Na fara jiya. Rami biyar, na sami kwaɗo ɗaya da tsohon cokali.

Mahaifinki


Ljubljana, 19 ga Yuli

Ata,

Na sami wasiƙarku. Ina fatan kuna lafiya.

Na kai wa Farfesa 'yan kunnen da kaina, na ajiye a teburinsa, na gaya masa yadda aka yi. Da ya yi mini dariya da ya fi mini sauƙi. Cewa kawai ya yi in gyara adadin a kundi, in rubuta dalili. Na rubuta. Sunanku yana ciki.

Na sa ma'aunin zafi a kunshin nan. In kun sami wani abu, ku auna zafin ƙasar da na jikinsa, ku auna zurfin ramin, ku ɗora shi a sikeli, ku rubuta rana da sa'a. Kada ku dogara da ido.

Ba zan zo bikin cocin ƙauye ba bana. Ku gaya wa Teta aiki ne ya yi yawa.

Z.


Babno Polje, 16 ga Agusta

'Yata Zdenka,

Gaisuwa a taƙaice, mai ɗaukar wasiƙa yana tsaye a ƙofa yana shan barasata.

Na same ta! Rami na sittin da biyu. Yau da hantsi, ƙarfe goma da kwata, a gangaren da ke bayan rijiyar makiyaya. Na riga na gaji na zauna ina cin burodi, Lisko ya je gindin wata bukev da tsawa ta taɓa tsagawa ya tsaya yana kuka ƙasa-ƙasa. Na ce masa kai tsohon maƙaryaci, sau nawa ka sa ni tonon banza. Ya ƙi tashi. Na ajiye diga na bi saiwa da hannu. Zurfin kamu ɗaya da ɗan ƙari, santimita hamsin da biyar da awonki, yatsana ya faɗa wani ɗan ɗaki kamar cikin tulu. Na taɓa gashi.

A naɗe take kamar ƙwallon zare, ta rufe fuska da wutsiya. Rana tana ƙona mini ƙeya, ita kuwa sanyi kamar dutsen da aka ciro daga rafi. Na ce ta mutu. Na ɗora ta a tafin hannu na zuba ido, sai haƙarƙarinta ya ɗaga sau ɗaya. Na karanta addu'ar Ubanmu tun daga farko har amin kafin ya sake ɗagawa. Na buɗe kunnen da farce. Ashirin da uku.

Ƙasa digiri goma sha ɗaya. Jikinta goma sha biyu. Na zo da sikelin girkin Tetarki a jaka, wata guda ke nan tana nemansa tana zargin maƙwabciya. Giram ɗari da arba'in da ɗaya. Na mayar da ita yadda na same ta, na rufe da katako da ƙasa da ganye.

Na yi ihu a dajin nan har Lisko ya tsorata. Ban san ina da sauran irin wannan murya ba.

Ki zo ko kina fushi. Ki zo da abin ɗaukar hoto. Ba sai kin yi mini magana ba.

Mahaifinki,
Metod


Ljubljana, 23 ga Agusta

Ata, Ata na,

Na iso lafiya, ina gaishe ku da Teta, a gode mata da burodin gyaɗar da ta cusa mini a jaka, sashe guda ya ci.

Har yanzu ina jin sanyinta a hannuna. Ku yafe mini kukan da na yi a bakin ramin, da hularku da na jefa sama ta maƙale a reshe. Zan saya muku wata. Maganar da muka yi a hanyar dawowa kuma ta wuce. Na yi fushi, na gama.

Hotunan sun fito tas, har lambar ana karantawa. Na shiga ofishin Farfesa na jera su a kan takardunsa. Ya ɗauko madubin hannu ya duba kunnen, ya duba ma'aunin zafin da ke cikin hoton, ya tambayi kwanan wata sau biyu. Sai ya tashi ya fara zagaya teburi yana magana shi kaɗai, yana cewa kamar albasa, wallahi kamar albasa. Ya kira sakatariya ya nuna mata, ya kira mai shara ya nuna masa. Ya ce giram ashirin da bakwai kawai ta ƙona a kusan wata uku, ya zauna ya yi lissafi a bayan ambulan, ya ce in haka ne akwai dankalin da bai kai ta tattali ba. Sau uku ya ce polh, Ata, bai ce ɓera ba ko sau ɗaya.

Yanzu saura mataki guda. Kwamiti ba zai karɓi hoto da sikelin girki ba. Ana so a buɗe ta a ɗakin gwaje-gwaje, a auna kitsen, a duba hanta, a ga cikinta babu abinci, wanda shi ne zai nuna ta daɗe ba ta ci ba. Ran Juma'a motar sashe za ta zo da akwatin sanyi. Ku kai direban wurin, ku ɗauko ta a hankali kada ta farka. Ba za ta ji komai ba, a cikin barcinta za a yi.

Kafin ƙarshen Satumba komai zai kammala. Ban taɓa jin daɗi irin na wannan mako ba.

'Yarku mai ƙaunarku,
Zdenka


Ljubljana, 29 ga Agusta, 1977

Zuwa ga Kwamared Metod Truden,
tsohon mai gadin daji, Babno Polje.

Kwamared mai daraja,

Ina miƙa gaisuwa tare da yabo a kan ƙoƙarin da kuka yi wa binciken 'yarku, wanda ba na shakkar cewa shi ne abu mafi ban sha'awa da ya shigo sashenmu cikin shekaru da dama.

Direbanmu ya dawo ran Juma'a da akwati babu komai. Ya ba da rahoton cewa kun karɓe shi da kyau, kun ciyar da shi, kun zaga da shi daji na tsawon sa'a huɗu, sannan kuka ce kun manta wurin. Ya kuma ƙara da cewa karenku ya yi ta jan hanya zuwa wani gangare, ku kuma kuna kiransa baya.

Ina tunatar da ku cewa wa'adin kwamiti yana ƙarewa ran 30 ga Satumba, kuma makomar 'yarku a wannan fanni ta rataya a kan wannan dabba guda. Ba na ɓoye muku mamakina cewa mutumin da ya ci uku daga cikin dabbobin bincikenmu da dankali shi ne yau yake hana kimiyya ta huɗun.

Ina fatan tunaninku zai dawo kafin Juma'a mai zuwa.

Tare da girmamawa,
Farfesa B. Hribernik


Babno Polje, 3 ga Satumba

Zdenka 'yata,

Ina gaishe ki. Malaminki ya rubuto mini. Ya iya zagi cikin ladabi, na so shi. Ban iya amsa irin takardarsa ba, ki karanta masa wannan.

Ban manta wurin ba. Wannan karon ba zan yi miki ƙarya ba ko ta kwana ɗaya.

Na kashe polh sun fi gashin kaina yawa, ba na kuma jin kunya. Da su uwarki ta yi miki hular sanyi, da su muka wuce shekarun yaƙi. Amma duk wanda na kashe da ƙafarsa ya zo, idonsa biyu, kwaɗayin busasshen tuffa ya kawo shi. Wannan ba ta zo wurina ba. Ni na bi ta har ɗakinta, na ɗauke ta a hannu tana barci, ta yi numfashi a tafina. Ran Juma'a na ɗauki diga na kama hanya da direban da niyyar in yi abin da kika ce. Da na hango bishiyar ƙafata ta ƙi.

Wannan dalilina ne, na san ba na kwamiti ba ne. Ga na kwamiti. In kun yanka ta za ku san kitsen da ke cikinta yau. Ba za ku san ko ya ishe ta ba. Malaminki zai iya cewa ta kwanta ne ta mutu a hankali, wa zai ƙaryata shi? Ke kin ce jira take yi. Wanda ke jira sai an ga ya tashi. In mutum yana so ya san ko dankalin da ke ɗakin ƙasa zai tsira, ba dafa shi yake yi ba, wannan malaminki ya fi ni sani.

Ke kin san wurin, ba na iya hana ki. In kin zo da kanki da diga zan ba ki aron safar hannu, in zauna a gida. Amma hannuna ba zai yi ba.

Allah ya yi miki jagora.

Mahaifinki


Ljubljana, 2 ga Oktoba

Ata,

Gaisuwa mai yawa gare ku da Teta. Na san shirun ya yi tsawo. Sau biyu na sayi tikitin bas da niyyar in zo in tono ta da kaina. Na farko na yaga. Na biyu har na zauna a kujera, direba ya tada mota, na ce ya tsaya na sauka. Na tsine muku a raina, Ata, gara ku sani, saboda kun yi gaskiya a lokacin da ba ni da sararin jin ta.

Na karanta wa Farfesa wasiƙarku. Da na zo wurin dankali ya ce in maimaita. Na maimaita, sai ya ce: "Mahaifinki ɓarawon dabbobin bincike ne, amma ya tsara gwajin da ya fi nawa."

Shekaranjiya muka shiga kwamiti. Na faɗa musu da bakina cewa ina da dabbar, na san inda take, kuma ba zan kawo ta ba. Wani ya tambaya ko tausayi ne. Na ce gawa za ta ba ni rabin amsa, ni kuwa duka nake so. Aka yi ta gardama har abincin rana ya wuce. Farfesa ya buga teburi, shi da ko ƙofa ba ya rufewa da ƙarfi. A ƙarshe ga yadda aka tsaya: an dakatar da aikin, ba a rufe ba. Na koma ɗakin albasa tun a ranar. In ashirin da uku ta fito da ranta a watan Mayu, za a buɗe mini komai, har da akwatuna ɗari da na'urar auna zafi da za a binne a ƙasa. In ba ta fito ba, babu kundi, shekara uku sun tafi.

Na yi lissafin sau ashirin. In ta ci gaba da ƙona kitse yadda take yi, ga sanyin ƙasa da zai rage mata ci, za ta kai Mayu da giram casa'in ko ƙasa da haka kaɗan. Ya isa, amma da ƙyar. Ban lissafa aladen daji ba, ko ruwa ya cika ramin, ko tonon da muka yi mata sau biyu ya sa ta farka ta ɓarnatar da abin da ba ta da shi.

Abin mamaki, tsoron bai hana ni murna ba. Ina yanka albasa ina hawaye ina dariya, abokan aiki sun ɗauka na sami miji. Duk wadda na tsaga sai in ga ɗan koren tsiro a tsakiya yana zaune cikin abincinsa, in ce ke ma haka.

Kada ku je kusa da bishiyar. Kada ku bar Lisko ya je. Ku kafa akwati uku a kewayenta kafin ƙanƙara ta sauko, shi ke nan. Zan zo Kirsimeti, ku ce wa Teta ta rage man alade a miya.

'Yarku,
Zdenka


Babno Polje, 14 ga Mayu, 1978

Zdenka,

Gaisuwa. Ki yi haƙuri da karkataccen rubutu, da hagu nake yi.

Bukev ta yi fure bana har daji ya yi rawaya. Yau da safe akwati goma sha tara akwai polh a ciki. Lambobin suna baya, goma sha huɗu daga cikin waɗanda suka ɓata ne.

Akwatin tsakiya a gindin tsagaggiyar bishiya na buɗe a ƙarshe. Na sa hannu in duba kunne, ta kama mini babban yatsa har ƙashi ta ƙi saki. A haka na karanta lambar, tana reto a hannuna. Ashirin da uku. Giram casa'in da uku. Ta rame, fata ta yi mata yawa, idonta tar.

Tetarki ta ɗaure yatsan, ta ce tun da take ba ta taɓa ganin tsoho yana zubar da jini yana waƙa ba.

Bas ɗin Asabar yana isowa sha ɗaya. Ki zo da malaminki. Ki ce masa akwai sauran wuri a akwatin, in yana so ya sa nasa yatsan.

Mahaifinki,
Metod Truden